Ƙarfen Haƙorin Nayibe Ya Shiga Tukunyar Mama

SHAFI NA 9

Ranar Asabar ce, tun asuba ake yayyafi a garinmu Ibagué, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana hana itace kamawa. Masu turo min saƙo suna cewa Arley ka yi shiru kwana uku, ga shi nan. Ba wai na manta ba ne, wannan shafin ne ban so rubutawa ba.

Ƙarfe huɗu saura kwata na dawo gida, hannu a aljihu, har da ɗan fito nake yi. Daga bakin ƙofa na ji kukan Nayibe.

Na same ta a bayan gida, durƙushe ƙarƙashin teburin aiki, tana tona tarin guntayen ganyen ayaba da hannu biyu. Mama tana tsaye kusa da murhu, ta harɗe hannu a ƙirji. Ba ta faɗa. Da ma faɗan take yi, da na san inda zan sa kaina.

Na tambayi abin da ya faru. Mama ba ta dube ni ba, ta ce in tambayi ƙanwata.

Nayibe ta ɗago, hancinta ya yi ja.

"Yaya, ƙarfen haƙorina."

Shekararta goma sha uku. Shekara biyu cur ta yi da wayoyin ƙarfe a manne a haƙora, saboda haƙoranta na gaba sun turo har yaran makarantarsu suka sa mata suna Zomo. A watan Janairu aka cire, aka ba ta wannan na sawa da cirewa don ya riƙe haƙoran kada su koma. Roba ce da ke kwanciya a saman baki ta ciki, da siririn ƙarfe da ke zagaye haƙoran gaba. Ita ta zaɓi launin da kanta, ruwan karas, wai ya fi kyau. Duk wannan da kuɗin sayar da tamal, ƙullin masara da ake dafawa a ganyen ayaba kamar alala, Mama ta yi shi, ƙulli ɗaya bayan ɗaya, tun da babanmu ya tafi Chile ya daina ɗaga waya.

Cikin kuka Nayibe ta ba ni labari. Da safe muna tsakiyar aiki ta cire shi za ta ci burodi, ta rasa ɗan akwatinsa, sai ta ɗora shi a kan ganye mai tsabta a gefen tebur. Mama ta aike ta shago sayo gishiri, ta dawo ta ci gaba da goge ganye, ba ta tuna ba sai da ta zo wanke baki bayan abincin rana. Ta duba ɗaki, ta duba kwandon shara sau biyu, har cikin kwata ta sa hannu.

Ba sai an gaya min sauran ba. A gidanmu kowa da aikinsa a tebur. Nayibe tana goge ganye tana turowa, ni ina janyowa in zuba ƙullin masara da shinkafa, Mama tana ɗora kaza da ƙwai da dankali da yankan karas, ta tattare bakin ganyen ta ɗaure da zare. Ni kuwa a safiyar nan ludayi yana hannun dama, waya tana hannun hagu, ina jiran saƙon wani mutum. Ko ƙadangare aka ɗora min a ganye da na rufe shi da ƙulli.

Duk mu uku muka juya muka kalli tukunyar.

Tamal ɗari da ashirin Doña Berenice ta ce a yi mata, na bikin baftismar jikarta washegari da safe, ƙarfe shida na yammar Asabar ɗin za a kai. Awa huɗu suka yi a wuta. Mama ta saba ƙara biyar ko shida na gida, amma wannan karon kaza ta yi tsada, ta yanka zare ɗari da ashirin cif, ta ce kowa ya haɗiye miyau.

Asibitin haƙori yana rufewa da tsakar rana ranar Asabar, amma Mama tana da lambar yarinyar da ke zama a teburin karɓar mutane. Ta kira, ta sa muryar a fili. Yarinyar ta ce sabo peso dubu ɗari huɗu da hamsin ne, kuma kada a wuce mako biyu, domin haƙoran yaro ba sa jira, in suka fara tafiya sai a koma wayoyin manne. Mama ta tambaye ta, in an samu na farkon fa, amma ya ɗan shiga ruwan zafi?

"Ruwan zafi kamar yaya, Doña Ofir?"

"Kamar a ce an dafa shi."

Na ji yarinyar tana danne dariya. Ta ce ko mun same shi mu jefar.

Da Mama ta ajiye wayar, ni na fara magana. Na ce tunda ya riga ya lalace, a bar shi a inda yake. A kai wa Doña Berenice kayanta, a karɓi kuɗi, Litinin a je a yi sabo, kuɗin ya isa har da ɗan canji. Wanda ya ci karo da shi ya tofar, ai ba guba ba ce.

Sai a lokacin Mama ta dube ni.

"Yara nawa za su zo bikin nan, Arley?"

Na ce ban sani ba.

"Ni na sani. Sun fi talatin, wasu ko haƙori ba su gama fitarwa ba. Ka taɓa ganin yaron da ƙarfe ya tsaya wa a maƙogwaro?"

Na ce to a soka tsinke a kowane, wanda aka ji tauri a buɗe. Ta miƙo min tsinken da kanta. Na soka na farko, ya daki abu, na ce ga shi nan. Na soka na biyu, ya daki abu. Na uku ma haka. Kowane ƙulli da ƙashin kazarsa a ciki.

Mama ta karɓe tsinken ta jefa wuta, ta ce Nayibe ta kawo almakashi da babbar roba.

A nan ne ya kamata in buɗe baki.

Waɗanda suka karanta shafin baya sun san Don Libardo, mai garejin babura a bakin titi, wanda yake ba samari babur su yi kai saƙo. Wata biyu ina zarya a wurinsa. Kuma sun san Mama ta sa na rantse a gaban hoton kakarmu ba zan hau babur na aiki ba, tun da aka kwaso ɗan maƙwabciyarmu a hanyar Bogotá cikin leda. Ta ce ranar da na karya wannan, in haɗa kayana. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, ƙarfe uku da 'yan mintuna, Mama na wanka, na ɗaga murfin tukunya na zari tamal uku da zafinsu, na sa a jaka, na kai wa Don Libardo. Ya sunsuna, ya yi dariya, ya ce in zo Litinin da sassafe in ɗauki jan babur ɗin. Lissafina shi ne ni zan tura kayan a baro zuwa gidan biki, kuma babu mai tsayawa ƙirga tamal a gidan biki.

Saboda haka ɗari da goma sha bakwai ne a tukunyar, na ɗauka ni kaɗai na sani.

Na bar makaranta da wuri, amma wannan lissafin bai fi ƙarfina ba. Uku a cikin ɗari da ashirin. Na ce wa kaina ba zai yiwu a ce yana cikin ukun nan ba. Za a buɗe goma, ko ashirin, a same shi, a rufe maganar, Mama ta ce wa Doña Berenice an samu matsala sun ragu, babu wanda zai ƙirga ragowar.

Mama ta datse zaren farko, ta jefa shi a kwano. Ta buɗe ganyen, tururi ya tashi da ƙamshin da duk unguwar ta san gidanmu da shi. Ta sa cokali biyu ta farka cikinsa, ta zuba a roba. Ta ce Nayibe ta ɗauki gawayi ta riƙa ja a bango.

Ɗaya.

Tamal in an farka shi ya gama yawo. Ba ya komawa ganye, ba ya sayuwa.

Duk lokacin da yankan karas ya leƙo, Nayibe sai ta zabura ta miƙo wuya. Daga baya ta daina.

A na ashirin Mama ta ajiye cokali ta koma sa hannu, duk da zafin. A na talatin ta fara magana, ba da mu ba, da robar gabanta. Ta ce shekara biyu ba ta sayi takalmi ba. Ta ce akwai ranar da ta tafi asibitin a ƙasa ta dawo a ƙasa don kuɗin mota ya cike na likita. Ta ce akwati aka ba yarinya, akwati mai murfi, amma ganye ta ga ya dace.

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Haƙurin zai tura haƙoran baya? In sun fito sun fito, ni na gama nawa. Ki koma Zomonki."

Nayibe ta ɗaga hannun hagu ta rufe bakinta, kamar yadda take yi a da in za ta yi magana ko dariya. Rabon da in ga wannan hannun a wurin tun Janairu.

Mama ta shiga ciki ɗauko wata robar, ta farko ta cika. Nayibe ta matso kusa da ni, gawayi a hannu.

"Yaya, na gan ka."

Na ce ta ga me.

"Da jakar shuɗiya. Ina cikin ɗaki, ta taga na gan ka. Ka gaya mata, a fara duba waɗancan."

Na ce ta rufe min baki. Na ce yana cikin nan, ina ji a jikina, yanzu za a same shi. Na ce in ta faɗa, Mama za ta kore ni, kuma wa zai riƙa raka ta makaranta, wa ya fasa wa ɗan gidan mai burodi hanci lokacin da ya yi mata tsallen zomo a gaban mutane?

Ta dube ni ta cikin hawaye.

"Shi ya sa ban faɗa ba tun ɗazu."

Ta koma bangonta.

Wayata tana aljihu. Kira ɗaya ne, in ce Don Libardo kada ka ci, ina zuwa. Sau uku na taɓa ta. Amma bayan gidanmu taku huɗu ne, duk abin da na faɗa Mama za ta ji, in kuma na ce zan fita za ta tambayi ina. Na ce bari a buɗe goma kawai, in ba a samu ba sai in san dabara. Aka buɗe goma. Na ce goma na gaba.

Yayyafin ya ƙaru, yana ɗiga ta ramin kwanon rufi a kan tebur. Kajin maƙwabta suka haura katanga saboda ƙamshi, babu wanda ya kore su.

A na saba'in da takwas wayar Mama ta yi ƙara. Doña Berenice ce, tana tambaya ko na taso da kayan. Mama ta goge hannu a zane, ta gaya mata gaskiya tsaf, ba ta rage komai ba. Muna jin muryar matar daga inda muke. Ta ce wane irin sakaci ne wannan, baƙi sun taso daga Neiva, me za ta ba su gobe, iska? Sannan ta sauko, ta ce a kawo mata ragowar da ba a buɗe ba, ta haɗa da burodi da koko.

Mama ta kalli tukunyar. Ragowar nan kaɗai da ta rage mana wani abu a kuɗin sabon ƙarfen.

"Ba zan iya ba, Doña Berenice. Wataƙila yana cikinsu."

Matar ta ce shi ke nan, akwai masu tamal a kasuwa, kuma ba za ta ɓoye wa kowa dalili ba in an tambaye ta. Ta kashe.

Mama ta ɗauki almakashi ta datse na saba'in da tara.

Daga nan ban ƙara iya tsayawa wuri ɗaya ba. Na kwashe ganye, na kori kaji, na gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Addu'ar da na manta tun ina yaro ta dawo bakina. Na yi wa Allah alkawarin barin babur, na yi alkawarin komawa makarantar dare, abin da ban yi alkawari ba kaɗan ne. A bar shi kawai ya kasance a na gaba.

Ɗari.

Yatsun Mama sun yi ja sun kumbura. Na ce ta kawo in karɓe ta, ta ce hannuna ya yi aikinsa da safe.

Ɗari da goma.

Ta kife tukunyar a gefe don ta kai ga na ƙasa. Bakwai suka rage. Ta buɗe su a hankali, kamar mai tsoron kada su ƙare. Na ƙarshen ta daɗe tana murza shi tsakanin yatsu, ƙwayar wake ɗaya ɗaya, har ya zama kunu.

Babu.

Ta leƙa cikin tukunyar, ta sa hannu ta lalube ganyen da ake shimfiɗawa a gindi, ta tace ruwan da rariya. Sannan ta zauna a kan bokiti, ta dubi bangon. Nayibe tana jan layi huɗu ta gitta na biyar, don haka ƙirgan ba wuya.

"Kin tsallake uku."

Nayibe ta girgiza kai, hannunta a baki.

Mama ta janyo kwanon zare ta zazzage a cinya. Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa, tana ware goma goma: ɗari da goma sha bakwai. Mama tana iya manta ranar haihuwarta, amma ba ta kuskuren zare.

"Ɗari da ashirin na ɗaure. Nayibe, ina ukun?"

Mama ta miƙe, ta kama ta a dantse.

"Kin ɓatar da ƙarfe, kin sa na rusa aikin kwana biyu, kuma sata kika fara? Wa kika ba?"

Nayibe ta runtse ido tana jiran mari, kuma har a lokacin ba ta kalli inda nake ba.

"Ni ne, Mama."

Mama ta saki dantsenta a hankali.

Na faɗa mata duka, jakar shuɗiya, Don Libardo, jan babur, Litinin. Ina magana ina jiran ta yi kan babur ɗin, don shi na shirya wa amsa. Ko kallon wannan ba ta yi ba.

"Tun yaushe ka san uku ba sa nan?"

Na ce tun farko.

"Tun kafin in datse zaren farko?"

Na ce eh.

"Ka tsaya a nan, kana kallona, sau ɗari da goma sha bakwai."

Ta juya ga Nayibe, ta cire mata hannun daga baki da kanta, ta riƙe shi. Ta ce min in kira mutumin yanzu, in ce kada kowa ya taɓa su.

Na kira, tana ta ringi ba a ɗaga ba. Na sake kira. A karo na uku na ji ƙarar wayar a waje, tare da ƙugin babur da ya tsaya a ƙofarmu.

Don Libardo ya shigo ba sallama, rigarsa a jiƙe, ya danne baki da hankici mai ɗigon jini. Mutum ne mai son dariya, saboda haƙoran gaba huɗu da ya sa aka dasa masa bara, duk wanda ya zauna a garejinsa ya san nawa ya kashe a kansu. Ya dubi robobin, ya dubi bangon, ya dubi Mama. Ya ciro wani abu daga aljihu ya ajiye a tebur.

Ya nannaɗe ya ƙanƙance kamar busasshen ɓawon lemo, ƙarfen ya miƙe tsaye a gefe ɗaya. Nayibe ta kai hannu, ta fasa.

Ya ce ajiye su ya yi sai ya rufe gareji, ƙarfe biyar da rabi ya zauna ya kwance na farko, a loma ta biyu abin ya faru. Biyar da rabi. A lokacin muna kan na sittin da wani abu, wayata tana aljihu.

Sannan ya buɗe ɗaya hannun. Fararen gutsattsari biyu ne a tafinsa.

Ya sauke hankicin don mu gani da kyau, maganarsa tana fita da iska ta giɓin.

"Doña Ofir, ni ba rigima na zo yi ba. Na je asibiti biyu, duk a rufe. Ki gaya min kawai, a cikinku wa zan zo wurinsa ranar Litinin?"

Mama ta ɗaga yatsanta da ya kumbura, ta nuna ni, ta ja Nayibe suka shige ɗaki, na ji an sa sakata.

Ga abin da ya tafi a ranar, kamar yadda na ƙirga ina tsaye a cikin yayyafi da mutumin a gabana.

Tamal ɗari da goma sha bakwai.

Kaji goma sha biyar, ƙwai kiret biyu, itacen mako guda.

Doña Berenice, da duk wanda za ta ba labari gobe a bakin coci.

Ƙarfen haƙori ɗaya.

Haƙora biyu da ba namu ba.

Jan babur ɗin da ban taɓa hawa ba.

Kwana ɗaya daga cikin goma sha huɗun da aka ba haƙoran Nayibe.